Tulun Tsimin Jatau

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da, wani bawan Allah ana ce masa Jatau. Shi da wansa Mati suka gaji tulun tsimi daga mahaifinsu, maganin ciwon shawara. Saiwar da ake jiƙawa can cikin dawa take, tafiyar kwana uku.

Wata shekara Mati ya gaji da tafiyar. Ya ce in tulu ya yi rabi a cika shi da ruwa, ai launi na nan, ɗaci ma na nan. Jatau bai iya musu da babba ba. Kwana huɗu ana haka, a sayar da rabi, a cika da ruwa.

Ku saurara. Jatau bai yi karatu ba, amma zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Ya tsinci ƙwallon dabino goma sha shida ya jera a ƙasa, ya ce wannan ne maganin Baba. Ya kwashe rabi, saura takwas. Ya sake kwashewa, huɗu. Biyu. Ɗaya. Rabin rabin rabin rabi ke nan, kashi ɗaya cikin goma sha shida. Sauran duk ruwan rijiya.

A ranar wata mata mai suna Tabawa ta iso daga ƙauye da ƙoƙonta, ta ce idanun mijinta sun koma ruwan ɗorawa. Mati ya ɗauki ludayi. Jatau ya riƙe masa hannu.

"Yaya, wannan karon a'a," ya ce. Ya juya wajen matar. "Baiwar Allah, babu magani a tulun nan. Je ki wurin Ɗangoje mai tsimi a bakin kasuwa, nasa na gaske ne."

A gaban mutane ya faɗa. Mati ya ce ya tona asirin gidan ubansu, ya raba shi da tulun. Ba zan ce muku Jatau ya yi arziki daga baya ba. Bai yi ba. Itace ya koma sarowa har ya tsufa. Abin da ya samu shi ne mijin Tabawa ya sha magani, ba ruwa ba.

Jama'a, ba a zubar da amana rana ɗaya. Rabi mutum yake ragewa, ya ce ai da saura. Gobe ya rage rabin sauran, sunansa na mutumin kirki kuwa yana nan. Kai mai gini, ke mai koyar da 'ya'yan mutane, ni mai wannan magana, kowa ya tambayi kansa sau nawa ya ƙara ruwa. Allah Ya sa mu tsaya tun da sauran magani.