Randar Baƙi da Alƙali Mijinyawa

An yi wani sarki a Birnin Gawo, ana kiransa Jatau, wanda ya gaji wata al'ada daga kakansa: kowace ƙofar gida a ajiye randar ruwa domin baƙo, kuma kada a kuskura a ga gindinta. Saboda haka sai dai a yi ta ƙara ruwa a kan ruwa, shekara da shekaru, ba wankewa, ba murfi.

Wata damina zazzaɓi ya sauka a garin, mai sa mutum ya ji kamar ana sassara masa ƙasusuwa. Waziri Barau, wanda ba ya magana sai ta hanci, ya faɗi gaban sarki ya ce, "Allah ya ja zamaninka, mun yi binciiike. Tasalla mai ginin tukwane ita ta gina randunan nan, kuma gidanta kaɗai ciwon bai shiga ba. Sammu ta yi mana, a kore ta."

Sarki ya dubi Alƙali Mijinyawa ya ce, "Malam, na ba ka kwana bakwai. In ba ka kawo hujjar da za ta wanke Tasalla ba, ta bar garin nan."

Alƙali ya fita zuciyarsa ba daɗi, domin ya san tsohuwar ba ta da kowa a wani gari. Ya same ta tana cuɗa yumɓu.

"Allah gafarta Malam, ni za a kora? Wa zai gina wa Waziri tukunyar da yake suɗewa?"

Alƙali ya danne dariya, ya duba gidan. Kowace tukunya a kife take, kowane kasko a kife, tulun shan ruwa kuma an rufe shi da faifai. Daga nan ya wuce ƙofar fada, ya leƙa randar sarki, sai ga 'yan tsutsotsi suna ta wutsil-wutsil. Ya ɗebi ruwan a ƙwarya, ya ɗaure bakinta da farin mayani, ya roƙi sarki ya ajiye ta da hannunsa.

A rana ta bakwai, fada ta cika, aka fito da ƙwaryar. Alƙali ya ce, "Ranka ya daɗe, na kawo masu laifi, kuma a gidanka suka yi mako. Waziri, bisimilla, kwance."

Waziri ya kwance mayanin yana yatsina. Sauro masu zanen fari a ƙafa suka tashi buu, ɗaya ya sauka a kan hancinsa, ya kai wa kansa mari, tas! Sarki ya yi dariya har da riƙe ciki.

Alƙali ya ce, "Wannan sauro a ruwan da ya daɗe a zaune yake ƙwai, kuma da hantsi da la'asar yake cizo. Ya ciji marar lafiya ya ɗauki cutar, bayan kwanaki ya ciji mai lafiya ya zuba masa. Maganin abin, a zubar da ruwan randa duk mako, a goge cikinta domin ƙwan yana manne da jikinta, a rufe ta. Mai zazzaɓi kuma ya kwanta cikin gidan sauro ko da rana tsaka."

Sarki ya ce, "To, wasiyyar kakana fa?"

"Ranka ya daɗe, kakanka ya so baƙo ya sha ruwa ne. Ban ji an ce ya yi wasiyya a shayar da shi ruwan bara ba."

Sarki ya ce, "Ka yi gaskiya. A fara da randata."

Aka wanke randuna, aka kife kasake, zazzaɓi ya ja da baya. Sarki ya yafa wa Alƙali alkyabba, ya sa Tasalla ta gina wa kowace randa murfi. Da Waziri ya zo karɓar nasa, ta toshe hanci ta ce, "Mun yi binciiike, naka sai gobe."

Shi ya sa masu hankali ke cewa, sarkin da ke son adalci ya fara leƙa randar ƙofarsa kafin ya nuna gidan talaka.