Ƙullin Tsibirin Tsamiya

Masu labari sun ce, can inda ƙasa ta ƙare ruwan gishiri ya fara, akwai wani teku mai tsibirai saba'in, kowanne da sarkinsa, amma duk sarakunan nan Majalisar Dattawa ta Dutsen Tsakiya ce ke juya su. Mutanen tekun ba su san taswira ba, da igiya suke tafiya. Kowane jirgi da tasa, kowane ƙulli a jikinta tsibiri guda ne. Matuƙi ya shafa ƙulli da yatsa, sai ya gane kwana nawa zai yi daga tsibirin da ya baro, da inda zai sa rana, da iskar da zai jira. In Majalisa ta yi fushi da wani tsibiri, ko soja ɗaya ba ta aikawa. Cewa take a kwance ƙullinsa. Daga ranar ba jirgin da zai je, ba bakin da zai ambaci sunansa, wanda kuwa ya taka ƙasarsa ya zama ɗan fashin teku, jininsa ya halatta.

To, a tsibirin Goriba akwai wani sarki, Tankari. Ƙasarsa ba ta ba da komai sai gishiri da goriba, ko ƙwayar gero jiragen Majalisa ke kawo masa. Wata rana da hantsi manzon Majalisa, Alkasim, ya sauka da saƙo. Ya ce mutanen Tsamiya, maƙwabtan Goriba, sun ba wani jirgin 'yan fashi ruwan sha, don haka kowane sarki zai kwance ƙullin Tsamiya a igiyarsa a gaban manzo. Ya ba Tankari zuwa la'asar, kafin a gama yi masa lodin gishiri.

Hankalin Sarki ya tashi matuƙa. A Tsamiya Habi take aure, 'yar'uwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, da 'ya'yanta biyar. A Goriba kuwa abin da ya rage a rumbu bai wuce cin kwana arba'in ba. Ya ɗauki igiyarsa ya zagaya bayan fada, inda wata tsohuwar kififfiya, wato kunkurun ruwa, ke zaune a tafki tun zamanin kakan kakansa.

Kififfiya ta ɗago kai ta ce, "Angona, wannan fuska fa? Ko an hana ka tuwo ne?"

Sarki ya ce, "Kaka, yau ba ranar wasa ba ce." Ya kwashe labari ya faɗa mata, sannan ya ce, "Sau biyu ina kwance ƙulli a sarautata, ban rasa barci ba, don can nesa suke. Wannan ma zan kwance. Allah ya sani ina son Habi, amma ba zan kashe mutum dubu huɗu saboda mutum shida ba."

Ta ce, "Haka Sarkin Marke ya ce."

"Ina ne kuma Marke?"

"Ka ji ba! Zauna, ranka ya daɗe, ka ji labarin Sarkin Marke da Dije Mai Tabo."

Ta ce: a lokacin da igiya ke da ƙulli tamanin da uku, an yi wani tsibiri mai suna Marke, mai lemo da zuma, da maƙwabcinsa Kanya. Sai Majalisa ta aiko wa Sarkin Marke ya kwance Kanya, ta kuma yi masa alkawarin kasuwar Kanya za ta dawo bakin ruwansa. Sarki ya ji daɗi har kunne. A ran nan akwai wata shugabar 'yan fashi a kurkukunsa, Dije Mai Tabo, wadda za a rataye da safe. Da ta ji dogarai na zancen, ta roƙa a kai ta gaban Sarki. Aka kawo ta da mari a ƙafa.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba raina na zo roƙo ba, wannan ya riga ya tafi. Labari guda zan ba ka, na matuƙi Ɗankande, in ka ji ka sa a mai da ni."

Sarki ya ce, "Faɗi, mai mutuwa ba a hana shi magana."

Dije ta ce: an yi wani matuƙi, Ɗankande, mutumin tsibirin Ɗorawa, wanda ba a taɓa jin ya yi wa hukuma musu ba. Wata shekara yana Dutsen Tsakiya da jirgin fatake, aka tara igiyoyin matuƙa aka kwance ƙulli guda a kowacce. Ɗankande ya karɓi tasa, har da godiya, bai tambayi na wane gari ba ne. Sai da suka yi kwana tara a ruwa yatsansa ya kai inda Ɗorawa take, ya ji igiya sumul. Ya ɗaga kai, ga garinsu can, ga hayaƙin girki, ga mata a bakin gaɓa suna kaɗa zane. Ya hango wani shuɗin zane a cikinsu, ya san na matarsa ne, shi ya saya mata.

Fatake suka ce, "Malam matuƙi, me kake kallo?"

Ɗankande ya dubi igiya, ya dubi gari, ya ce, "Hadari ne." Ya karkata jirgi ya wuce.

Kowace shekara sai ya bi ta wurin. Shekara ta biyu hayaƙi ya ragu, masu kaɗa zane ba su fi goma ba. Ta uku mace ɗaya ce tsaye. Ta huɗu ba hayaƙi, ba kowa, sai tsuntsaye. A ranar 'yarsa, wadda ke yi wa jirgin girki duk shekarun nan, ta fizge ragamar jirgi daga hannunsa ta kai shi gaɓa. Ta sami shuɗin zanen a ɗaure jikin sanda, ba ta sami wanda za ta tambaya ba. Ɗankande kuwa ya ƙi sauka, yana kuka yana cewa ba komai a wurin.

Dije ta ce, "Ni ce 'yar, wannan tabon kuma ubana ne ya yi mini da muna kokawar jirgi. Tun ranar ake ce mini 'yar fashi. Na yi fashi daga baya, ban musa ba, yunwa ba ta san kunya ba. Amma laifina na fari shi ne na ga garinmu na ce na gan shi. Kai kuma, ranka ya daɗe, kafin ka kwance, ka shafa ka ji wane ƙulli ke bin Kanya. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai."

Kififfiya na kawowa nan, sai ta tsoma kai a ruwa. Sarki Tankari ya ƙosa, ya ce, "Sarkin Marke ya shafa?"

Ta ce, "Ina! Mai kwaɗayi yana da lokacin shafa? Aka rataye Dije da safe, ya kwance Kanya da hantsi. Abin da ya manta, wanda ko ɗan koyon tuƙi ya sani, shi ne ƙulli ba ya faɗin inda gari yake, sai dai ya faɗi hanya daga ƙullin da ke gabansa. Hanyar Marke daga Kanya ake lissafa ta. Da Kanya ta tafi, matuƙa suka riƙa wuce Marke da tafiyar kwana biyu, suna yawo a ruwa. Lemo ya ruɓe a bakin gaɓa. Bayan shekara biyu Majalisa ta ce tsibirin da jirgi ba ya samu bai cancanci ƙulli ba. Na bi ta can bayan haka, angona. Na ga Sarkin Marke zaune a kan yashi, shi kaɗai, yana yi wa teku kirari ko za ta kawo masa jirgi."

Tankari ya ja igiyarsa a hankali har yatsansa ya kai Tsamiya, ya matsa kaɗan, ya ji ƙullin da ke bin ta. Tun yana yaro ya san wannan ƙulli. Goriba ce.

Ya miƙe ya ce, "Wallahi ba zan kwance ba, ko sama za ta haɗu da ƙasa."

Ya nufi bakin ruwa, ya tarar an gama lodi. Ya tsaya gaban Alkasim, jama'a na ji, ya ce, "Ka gaya wa Dattawa Tankari ya ƙi."

Ya zaci manzo zai yi tsawa. Alkasim ko a jikinsa. Ya yi murmushi ya ce, "Ba komai, ranka ya daɗe. Allah ya ja zamaninka." Wannan sauƙin shi ya tsorata Sarki, ya san ruwa ba ya tsami banza. Sai ya hangi matuƙin jirgin manzon, wani dattijo, zaune yana ta kawar da kai. Sarki ya matsa ya kama igiyar da ke wuyansa, ya ja, ya ja. Inda Tsamiya take, sumul. Inda Goriba take, sumul. Ko lanƙwasar ƙulli ba ta saura, an daɗe da kwancewa.

Dattijon ya ce a hankali, "Ka yafe mini, ranka ya daɗe. Tun watan jiya ne, ku biyun tare. Da ka na kawo su nan, ba da igiya ba, don su kwashi gishirin ƙarshe. Sun so ne ka kwance da hannunka, in an tambaya su ce kai ka kashe garinka."

Sarki ya tsaya yana kallo har jirgi ya zama ɗigo, jama'a na kaɗa masa hannu kamar kullum, suna cewa a dawo da gero lafiya. Ya kasa gaya musu. Ya koma tafki ya zauna a ƙasa, ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun rasuwar uwarsa.

Ya ce, "Na ji maganarki, Kaka, amma ihu ne bayan hari. Ranar da na kwance waɗancan biyun ban ko tambayi sunan mutum ɗaya a cikinsu ba, ranar ya kamata in zo wurinki."

Kififfiya ta ce, "Ai ka zo ranar, angona. Ka kawo mini goriba, ka ce kana sauri."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Habi ba ta sani ba. Gobe zan raba geron nan, in kai musu nasu da kaina. In ya so a ce mini ɗan fashi."

"Rabon kwana arba'in ga gari biyu, ka san abin da ya rage."

"Na sani." Ya share ido, ya shimfiɗa igiya a cinyarsa. "Kin tuna hanyar sauran tsibiran da aka kwance? Ko akwai inda mutane suka rage?"

Ta ce, "Hanya na tuna. Mutane kam, sai mun je."

Sarki Tankari ya laluba wurin da ya yi sumul a igiyar, ya ce ta fara da Kanya. Ta soma faɗa masa kwanaki da iska, yana ƙullawa.