Waƙar Inna a Bakin Wani

Akwai wani mai aski da duk layinsu ake kira Na-Gaba, domin ba a taɓa yin wasan mawaƙin nan Mai Gilashi ba a gan shi a sahun gaba ba. Hannunsa na da kyau, in ya yi maka gyaran fuska sai ka ƙi barin madubi. Amma yana da hali guda da ya ɓata masa sauran, wato son a sani. Duk abin da zai sa a ce shi wani ne, zai faɗa ko da babu shi.

Shagonsa ɗan ƙarami ne, kujera ɗaya, benci ɗaya, amma ba ka ganin fentin bango saboda hotunan Mai Gilashi. Daga safe har rufewa waƙarsa ce ke tashi. Shi ne kuma shugaban zauren masoyan mawaƙin a waya, shi ke sa mutum, shi ke cirewa. Babban burinsa a duniya shi ne ya zama mai askin Mai Gilashi, yana bin sa gari-gari da jakar kayan aikinsa. Tun yana faɗar wannan a matsayin buri, har ya koma faɗarsa kamar ya riga ya faru. Yana tsaka da aski sai ya kashe inji, ya ce ai shi ke gyara wa mutumin gemu in ya shigo gari a ɓoye. Masu jira a benci sukan tambaye shi ko gaskiya ne mutumin har barci yake yi da gilashinsa, shi kuwa ya yi murmushin wanda ya san sirri, ya ce bakinsa da nauyi.

A gida su uku ne, shi da mahaifinsu, tsohon direban bas da ciwon baya ya zaunar, da ƙanwarsa Auta, mai koyarwa a ajin ƙananan yara. Innarsu ta rasu shekarun baya. Auta ba ta da yawan magana, amma tana da murya. In tana wanke-wanke tana rera waƙa, Baba kan rage ƙarar rediyo ya yi kamar gyangyaɗi yake. Ita ke tsara waƙoƙinta da kanta, kuma wata mata mai ɗakin ɗaukar waƙa, wadda kowa ke kira Anti, ta yi mata alkawarin ɗaukar guda ɗaya in ta shirya.

Wadda Auta ta zaɓa ta Inna ce. Innarsu ta kasance da ta ga hadari sai ta leƙa ƙofa ta ƙwala musu kira su shigo, ta bi igiya tana kwashe shanya. Daga nan waƙar ta fito:

“Inna, hadari ya haɗo, wa zai ce mini in shigo?
Shanya tana kan igiya, hannunki ne babu.”

Wata ranar hutu ta ari wayar yayanta, don tasa ta fi ɗaukar murya da kyau, ta shiga ɗaki ta rera. Da ta miƙo masa wayar sai ta ce, “Yaya, amana. Ko Baba ban so ya ji ba sai an gama ta. Ina so in ba shi mamaki.”

“Haba Auta, da wa zan yi maganar?” in ji shi.

Ba a daɗe ba aka fara manna sanarwa a gari cewa Mai Gilashi zai zo wasa a babban ɗakin taro. Nan fa ido ya raina fata. Duk wanda ya zauna a kujerar aski sai ya ce, to ga abokinka nan tafe, sai mu ga hotonku tare. Wani tela da ke maƙwabtaka da shi har cewa ya yi a aro masa gashin gemun mutumin ya ajiye na tarihi, aka yi ta dariya. Na-Gaba na dariya tare da su, amma ya san ƙaryarsa na gab da tonuwa.

Ana cikin haka wata rana da hantsi sai ga wani mutum ya shigo aski, da kati rataye a wuyansa mai ɗauke da hoton mawaƙin. Ashe cikin masu shirya wasan yake, an turo su share fage. Na-Gaba ya yi masa askin da bai taɓa yi wa kowa ba, ya shafa masa hoda, ya karkaɗe masa wuya, ya ce ya bar kuɗinsa. Da shagon ya yi sauƙin mutane, sai ya rage murya ya roƙe shi ya haɗa shi da Oga, wato Mai Gilashi, ko da gaisuwa ce. Mai katin ya yi dariya ya ce masu neman gaisuwa sun fi gashin da ke ƙasan shagon nan yawa. Oga ba ya ganin kowa sai wanda ya zo da wani abu a hannu, kuma a yanzu ba abin da yake nema kamar sabuwar waƙa.

Na-Gaba ya tsaya da buroshi a hannu. Zuciyarsa ta ce masa amana ce. Wata zuciyar ta ce ai taimakon Auta zai yi, in babban mawaƙi ya ji muryarta, wa ya san inda abin zai kai? Ya san ba don Auta yake yi ba, amma ya bi ta biyun. Ya kunna wa mutumin waƙar. Mai katin ya saurara har ƙarshe bai motsa ba, sannan ya ce a tura masa. Ya tambayi wa ya yi ta, sai Na-Gaba ya ji bakinsa ya ce, “Wata yarinya ce a gidanmu, amma ni na tsara mata.”

Mako na zagayowa aka aiko masa da katin shiga guda biyu na sahun gaba. Ya liƙa su a jikin madubi don kowa ya gani. Ya ce wa Auta ta shirya, zai kai ta ta ga yadda manya ke yi. Ta yi murna ƙwarai, don ba ta taɓa zuwa irin wannan wuri ba.

Ranar wasan tun da la'asar ɗakin ya cika maƙil. Fitilu na juyawa, ƙarar kiɗa na dukan ƙirji. Da Mai Gilashi ya fito, Na-Gaba ya manta da kowa, yana tsalle yana bin kowace waƙa baiti-baiti. Auta na gefensa tana dariyar yadda yayanta ya zama kamar wani mutum daban. Can mawaƙin ya ɗaga hannu aka yi tsit, ya ce yana da sabuwar waƙa da ya rubuta da hawayensa, yau ne za a fara jin ta a duniya. Kiɗa ya tashi da sauri, 'yan rawa suka fito suna girgiza, sai ya ɗauka:

“Masoyiya, hadari ya haɗo, wa zai ce mini in shigo?”

Dariyar Auta ta tsaya a fuskarta. Ta yi kamar an dasa ta. Baiti na biyu ya zo, na uku ya biyo, duk nata ne, kalma ɗaya kawai aka cire, aka sa wata a gurbin Inna. Mutane na ihu suna rawa a kan shanyar da uwarta ta bari. Ta juyo a hankali ta dubi yayanta. Shi kuwa bakinsa a buɗe, hannunsa da ya ɗaga ya sandare a sama.

“Yaya,” ta ce, sai da ta kai bakinta kunnensa don ƙara, “wa ka bai wa?”

“Wallahi ban bai wa kowa ba.”

Ta ce ya ba ta wayarsa. Ya ce ta jira ya je ya ji ba'asi, ya kutsa cikin mutane. A bakin matattakala, inda ba ta ganinsa, tsoro ya sa ya yi abin da ya fi na farko muni. Ya goge saƙon da ya tura wa mai katin, ya goge muryar Auta gaba ɗaya, don kada ta ga shaidar turawa. Sai bayan ya danna ya tuna cewa ban da wadda ya tura wa mai katin, babu wannan ɗaukar a ko'ina sai a wayarsa.

Ya nufi ƙofar baya. Masu tsaro suka tare shi, ya yi ta kiran mai katin har ya fito. Mutumin ya dube shi sama da ƙasa kamar bai taɓa zama a kujerarsa ba, ya ce wace waƙa, wace yarinya? Ba kai ka ce kai ka tsara ba? Ba an ba ka katin shiga ba? Ana haka Mai Gilashi ya fito zai shiga mota. Na-Gaba ya yi kukan kura ya kama gefen rigarsa. Mawaƙin bai ko juyo ba, ya fizge, ya ce wa masu tsaronsa su riƙa kula da irin waɗannan. Suka watsar da shi gefen hanya. Ya zauna a ƙasa yana kallon motar, ya kasa yarda cewa wannan ne mutumin da hotonsa ya rufe masa bango.

Da ya koma ciki Auta ta tafi. A gida ya same ta a zaune gaban Baba, idonta ya kumbura. Baba ya tambaye shi sau ɗaya, cikin sanyin murya, ko da hannunsa a ciki. Ya sake rantsewa, ya ce wataƙila kutse aka yi wa wayar aka sace waƙar.

Washegari Auta ta rubuta a shafinta na sada zumunta cewa waƙar tata ce, ta yi ta ne don mahaifiyarta. Kafin azahar masoyan Mai Gilashi sun yi mata ca. Masu cewa neman suna take, masu cewa ta kawo shaida, masu zagin uwar da ta haife ta. Aka samo hotonta a cikin aji aka yi ta yawo da shi ana dariya. Na-Gaba na tsaye a shago yana karantawa, ya ga yawancin masu zagin 'yan zaurensa ne, mutanen da shi da kansa ya tara. Wani ma ya rubuto masa cewa, Shugaba, ka sa baki mu koya wa wannan maƙaryaciyar hankali. Ba su san ƙanwarsa ce ba, domin bai taɓa ambatar gidansu ba, sai dai abotarsa da Oga.

Abin bai tsaya nan ba. Shugabar makarantar ta kira Auta ta ce iyaye na ƙorafi, ta ɗan huta a gida tukuna. Anti mai ɗakin ɗaukar waƙa ta ce ta yarda da ita, amma ba yadda za a yi ta ɗauki waƙar da duniya ta riga ta san ta a bakin wani, sai dai in akwai ɗaukar farko. Auta ta zo shago da rana tsaka, a gaban masu jira, ta miƙa masa hannu. Ya ba ta wayar. Ta duba, ta sake dubawa.

“Ina take?”

Ya sunkuyar da kai. “Na goge. Ni na tura masa, Auta. Na so in gaisa da shi ne kawai.”

Telan da ke benci ya cire hularsa ya riƙe. Auta ta daɗe tana kallonsa kamar tana neman yayanta a fuskar wani baƙo, sannan ta ajiye wayar a kan kujera ta fita.

A ranar ya rubuta gaskiya a zauren, daga farko har ƙarshe. Ba wanda ya yarda. Suka ce 'yan adawa sun saye shi, suka cire shi daga zauren da ya kafa. Masu zuwa aski kuma suka ragu, don labarin ya zaga layin, mutane na cewa wanda ya sayar da ƙanwarsa a kan gaisuwa, ina ga kanka da ka miƙa masa.

Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Cewa ya yi kawai, “Ashe waƙar uwarku aka yi mini, sai a bakin wani zan ji ta.”

Waƙar ta karɓu fiye da duk abin da Mai Gilashi ya taɓa yi. Tana tashi a bas, a shagon mai wayoyi, a bakin yara a hanya. A gidansu kaɗai ba a jin ta, da ta faro Baba ke kashe rediyo. Da ƙura ta lafa Auta ta koma aikinta, kuma daga baya ta ci gaba da tsara wasu waƙoƙin tare da Anti. Tana gaishe da yayanta, tana zuba masa abinci, ba ta taɓa tayar da maganar ba. Amma duk lokacin da yake dawowa ya jiyo muryarta daga tsakar gida, da ya taɓa ƙofa sai ta yi shiru. Ya kan tsaya a waje ya daɗe, takalminsa a hannu, don ya ji ko da baiti ɗaya ne.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, son mawaƙi ko wani tauraro ba laifi ba ne, amma kada ya kai mutum ga sayar da na gida don burge na waje. Ƙaryar da aka fara don a ce kai wani ne, sai ta nemi wata ta tallafe ta, har ta ci abin da ba ka da ikon mayarwa. Wanda kake tsalle dominsa wataƙila bai san kana duniya ba, amma wanda ya ba ka amana ya san ka, ya kuma yarda da kai. In ka yi kuskure, faɗi gaskiya tun da sauran gyara, domin ɓoye laifi yakan fi laifin ɓarna. Amana in ta fashe ana iya yafewa, amma ba lallai a sake miƙo maka ita ba.