Yatsun Mai Jego

Akwai wata dattijuwa da 'yan unguwa ke kira Mama Na-Sani, domin ba a taɓa kawo maganar da ta ce ba ta san ta ba. Da matar ɗanta ta haihu a asibiti, haihuwar fari, ita ta tare a gefen gado, ta hana kowa sakat.

A ɗakin masu jegon akwai wata ungozoma mai wata ɗabi'a. Ba ta sallamar mace sai ta auna yadda shayarwa ke zame mata. Kuma ba ta yarda da amsar baki, don ta san mata da "lafiya lau" ko suna cikin wuta. Sai ta ce a nuna mata da yatsu: ɗaya babu damuwa, biyar azaba.

Ranar sallama ungozomar ta zo kan gadon yarinyar, matar ɗan Mama. "Ƙanwata, yaya shan nonon? Nuna min."

Kafin yarinyar ta motsa, Mama ta cafe. "Lafiya ƙalau, Sista. Ni da na shayar da 'ya'ya cike da gida za a koya wa? Dubi jikana, tun jiya ko ƙyas bai yi ba. Yaron da ya ƙoshi ke nan. Ki sallame mu, mota na hanya."

"Mama, ita na tambaya."

"To ai na amsa mata!"

Yarinyar ta sunkuyar da kai, ta ce, "Lafiya lau ne." Wa zai ƙaryata uwar miji a gaban mutane? Amma da Mama ta juya tana naɗe kaya, sai hannu ya leƙo daga ƙarƙashin bargo, yatsu biyar a buɗe.

Ungozoma ta gani. Ta ja labule, ta duba ta. Nonon ya kumbura ya yi tauri kamar dutse, kansa ya tsattsage har da jini. Ta ɗauki jaririn. Leɓensa ya bushe, maɗigarsa ta lotsa, famfas ɗinsa kuwa a bushe ƙarau.

"Yaushe rabon da ya kama nono sosai?"

Yarinyar ta fashe da kuka. "Wallahi Sista, ba ya kamawa. Ya yi ta kuka, daga baya ya daina. Na so in faɗa, Mama ta ce raki ne irin na 'yan zamani."

"Ba ƙoshi ya sa shi shiru ba," in ji ungozoma. "Ƙarfin kukan ne ya ƙare masa. A kira min likita yanzu!"

Zanen da ke hannun Mama ya suɓuce ya faɗi.

Kafin likita ya iso, ungozoma ta gasa nonon da tsumma mai ɗumi, ta tatsa a ƙaramin kofi, yarinyar na cije leɓe. Ta ɗiga wa jaririn a baki da cokali. Nonon ya gangaro ta gefen kumatunsa. Ta sake ɗigawa, ya sake zubowa.

"Sista, don Allah ki ce min yana numfashi," in ji Mama.

Likita ya shigo da sauri yana neman jijiyar da zai sa ƙarin ruwa, ungozoma ba ta fasa ɗigawa ba. Can sai maƙogwaron yaron ya motsa. Ya haɗiye. Mama ta zauna a ƙasa dirshan.

Likita ya ce babu maganar sallama, kuma da an kai yaron gida a haka, Allah kaɗai ya san abin da za a wayi gari da shi.

Ana haka mijin ya shigo da makullin mota a hannu, yana fara'a. Ya wuce matarsa ya nufi uwarsa, kamar yadda ya saba. "Mama, komai lafiya? Mu tafi?"

Ta ɗago jajayen idanu ta dube shi. "Kada ka tambaye ni. Na kusa kashe maka ɗa da bakina. Ga uwarsa nan, ita za ka tambaya."

Darasi: Idan an tambayi mai jego yadda take ji, a bar ta ta amsa da kanta, domin ita ce ke jin ciwon. Ke kuma mai jego, faɗin ciwo ba raki ba ne, kada kunya ta rufe miki baki. Ku tura wa iyaye mata, surukai da mazan da matansu suka kusa haihuwa.