Kurege da Maƙwabcin Tsibiri

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, kuka ce? To ku gyara zama, a tura itacen nan cikin wuta. Ta yau ba ta da dariya da yawa, wanda ya samu kaɗan ya lallaɓa ta.

Kurege ne kawunsa ya mutu ya bar masa awaki tara da bunsuru ɗaya. A garinsu kuwa, duk wanda ya yi yanka sai ya aika wa maƙwabta: wannan tsoka, wancan ƙashi, tsohuwar unguwa hanta. Shekara da shekaru Kurege yana karɓar na mutane yana lasar baki, bai taɓa ganin aibin al'adar ba sai da awaki suka kwana a gidansa.

Ya ce wa matarsa Tasalla, "Ɗaure kaya. Akwai tsibiri can tsakiyar kogi, ciyawa har wuya, ba mai sallama, ba mai miƙo kwano."

Ta ce, "Maigida, ciki gare ni. Wa zai karɓi haihuwa?"

Ya ce, "Awaki wa ke karɓar musu?"

'Ya'yansu uku, maza biyu ƙanana da babbarsu Lantana. Lantana 'yar fari ce, saboda haka uwar ba ta kama sunanta, ba ta kallonta a gaban mutane, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Ba ƙi ba ne, kunya ce. In ta raba tuwo, tsokar da ta fi kyau tana ƙasan kwanon Lantana.

Kunkuru mai fito ya ƙetare da su a kwalekwalensa. Da suka sauka, Kurege ya ja shi gefe ya ce, "Baba Kunkuru, tsibirin nan da aljanu, kuma suna kwaikwayon muryar mutane. Ni ina da laya. Amma duk kiran da ka ji daga nan, ko da muryata ce, ko ta 'ya'yana, kada ka waiwaya. Ka gaya wa mutanen gari."

Kunkuru ya rantse, ya ja kwalekwale da sauri. Kurege ya yi ta dariya har da faɗuwa.

Kashegari ya kayar da bunsuru. Tasalla ta ce, "In ka yanka shi, ta yaya awakin za su haihu?"

Ya ce, "Ba ya ba da nono, sai wari."

Ya yanka, ya gasa, ya baje. Ya kai loma ta farko ke nan sai ruwa ya tsage, Kada ya ɗora haɓa a kan yashi.

"Salamu alaikum, maƙwabci. Na ji ƙanshi, ban ga aike ba."

Kurege ya dubi haƙoran nan, ya miƙa cinya. Kada ya haɗiye ya ce, "Madalla. Zumunta a ƙafa take, zan riƙa leƙowa."

Ya kuwa cika alkawari. Damina ta sauka, kogi ya fara cika. Duk Juma'a ruwa ya ci taki goma na tsibiri, Kada ya yi sallama ya ci akuya. Ruwa ya ci taki goma, Kada ya ci akuya. Waɗanda suka rage suka cinye ciyawa, suka cinye ɓawon itace, har danni suka ci. Ba bunsuru, ba haihuwa, nono ya ƙafe. Lantana ce mai kiwonsu, ita ke jan kowacce zuwa bakin ruwa, ta dawo da igiya a hannu.

Kurege ya hau kan tsamiya ya yi ta ƙwala kira. "Baba Kunkuru, ni ne! Kawo jirgi!" Kunkuru ya ji sarai. Ya tofa addu'a, ya cusa kai cikin ƙoƙonsa.

Ranar da akuya ta ƙarshe ta tafi, ranar Tasalla ta haihu. Lantana ce ta yanke cibi. Tsibiri kuwa ya koma bai fi masussuka ba.

Juma'a ta zagayo, Kada ya ɗora haɓa. "Barka, maƙwabci, na ji an samu ƙaruwa." Idonsa na kan jariri.

Nan wayon Kurege ya motsa, don shi wayonsa sai wuya ta yi wuya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, jaririn da ba a raɗa wa suna ba, wanzami bai taɓa kansa ba, namansa dafi ne. Ka kai mu gari. Ranar suna akwai rago, kuma ragon nan naka ne sukutum."

Kada ya ce, "Zan kai ku. Amma ɗaya zai zauna, don ku tuna da hanya."

Kurege ya yi wuf ya haye bayansa. "Ni ne mai nemo ragon." Tasalla na shayarwa, ƙananan biyu suka ƙanƙame ƙafafunta. Kada ya dube ta ya ce, "Mai jego, wa za ki bari?"

Abin da ke ranta shi ne ta ce ita za ta zauna, a tafi da Lantana. Amma uwa ta tsaya gaban miji da baƙo tana jayayya a kan 'yar fari? Kunya ta hana ta kama sunan. Ta sunkuyar da kai.

Lantana ta ce, "Ku je, Inna. Zan jira."

Tasalla ta kwance mayafinta ta miƙa mata ba tare da ta ɗaga ido ba.

Suka isa gari a rame kamar kara. Maƙwabtan nan da Kurege ya gudu dominsu, su suka kawo kunu, su suka kawo itacen wankan jego. Da suka ji labari suka haɗa hannu suka sayi rago, suka ce suna a yi shi ko da zakara, wannan a kai wa Kada a karɓo yarinya.

Kurege ya ja rago ya nufi kogi. Ya yi tafiya ya dubi ragon. Ya ƙara tafiya ya sake dubansa. Ya ce a ransa, "Kada ba ya tauna, haɗiya yake yi. Mai haɗiya ina ya san abin da ke ciki?" Ya ratse cikin kurmi ya yanka, ya ɓoye naman a rami, ya cusa ƙaiƙayi cikin fata ya ɗinke, ya mirgina ta bakin ruwa.

Kada ya cafke. Ƙaiƙayi ya cika masa baki. Ya furzar, ya daɗe yana kallon Kurege, sannan ya ce, "An gode, maƙwabci. Ban taɓa 'yarka ba, ba kuwa zan taɓa ta ba. Ɗauko ta ne ba zan yi ba. Ruwa ma maƙwabcinku ne, shi ma yana jiran rabonsa." Ya nutse.

Kurege ya sheƙa wurin Kunkuru ya faɗi gabansa. "Baba, ƙarya na yi maka, babu aljanu. 'Yata ce a can."

Kunkuru ya ce, "Ran nan ne ka yi ƙarya, ko yau? Na rantse ba zan waiwaya ba, kai ka sa ni."

Da la'asar iska ta kawo murya daga tsakiyar kogi, siririya. "Baba! Inna!" Masu wanki suka kwashe kayansu suka gudu. Kashegari muryar ta sake zuwa. Rana ta uku Tasalla ta ajiye jariri, ta shiga ruwa har ƙirji, ta buɗe baki a gaban duk gari ta kira sunan da ba ta taɓa faɗa ba.

"Lantana! Lantana!"

Ba wanda ya amsa. Inda tsibiri yake, sai kan tsamiya da mayafi a maƙale.

Daga ranar Tasalla ba ta ƙara yi wa mijinta magana ba. Shi kuwa ya koma raminsa ya tono naman. Ya yi kuka ya ci, ya ci ya yi kuka, bai ba kowa ba. Shi ya sa har yau in kun ga kurege a bakin hanya yana cikin gudu, sai ya tsaya cak, ya miƙe a kan ƙafa biyu, ya kasa kunne. Ji yake kamar an ce Baba.

Ƙurunƙus kan bunsuru. Wanda zai gudu wa maƙwabta, ya fara tambaya ko na can suna da haƙora. Ke kuma mai gyaɗar nan a bayan zane, na gan ki, miƙo a raba.