Tsagar Bangon Gidan Zuberu

Zuberu mai sayar da kayan gyaran mota ne a kasuwar Abossey Okai, yana zaune a unguwar Nima. Yana da riƙon iyali, amma Allah ya yi shi da gajen haƙuri, ya tsani a tambaye shi dalili. Sai ga shi ya haifi Latifatu, yarinyar da bakinta ba ya hutawa da tambaya.

Latifatu tana zuwa makarantar Malama Wadia a wani tsakar gida a Maamobi. Babu bulala a can. Idan yaro ya yi tambaya, malamar takan ce, "Tashi mu je mu gani." Haka suke bin tururuwa har raminta. Yarinyar ta yi ta buɗewa, ido ya ƙara kaifi.

Wata rana ta tare ubanta yana cin tuwo.

"Baba, me ya sa bangon ɗakinmu na gefen kwata ya tsage? Malama ta ce in riƙa gwada shi da tsinken tsintsiya."

Ya ture kwanon. "Wannan sukul ne ko wasa? Ni na tura ki gadin bango?"

Da ta ji zai cire yarinyar daga makarantarta, Malama Wadia ta zo har gida. "Baban Latifatu, ka bar mini ita. Yarinyar nan tana ganin abin da manya ba sa gani."

"Malama, na gode. 'Yata za ta je inda ake koya wa yara rufe baki."

Ya kai ta wata makaranta mai dogon gini da motar ɗaukar ɗalibai. A can duk wanda ya yi magana ba a tambaye shi ba, bulala ce rabonsa. Kafin damina Latifatu ta yi tsit. Zuberu kuwa har da bugun ƙirji a kasuwa, wai 'yarsa ta yi hankali.

Sai aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kwata ta cika, da la'asar bangon ya rufto kan Gafaru ƙanen Latifatu yana barci. An ciro shi da rai, amma likita bai iya ceton ƙafarsa ba.

A asibiti uwar yaran ta ce ta sha ganin Latifatu tsaye gaban bangon. Zuberu ya durƙusa gaban yarinyar.

"Kin san tsagar tana ƙaruwa?"

"Da farko tsinke ne ke shiga. Daga baya har hannuna."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Ba ka tambaye ni ba, Baba."

Ni mai ba ku labarin nan na ga Zuberu ranar, ban taɓa ganin namiji ya yi kuka irin haka ba. Ya mayar da ita wurin Malama Wadia, amma har yau sai an tambaye ta take buɗe baki.

Darasin a bayyane yake: tambayar yaro baiwa ce, ba rashin kunya ba, kuma malamin kirki shi ne mai rainonta da tausayi. Iyaye, kada shirun yaro ya ruɗe ku. Bakin da kuka rufe yau, wata rana shi za ku nema ya yi muku gargaɗi.