Baƙuwar da Ta Sauka a Masarar Barmani

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku amsa mana, ko tsoro ya kama ku tun yanzu?

Ta zo mu ji ta.

Wata tsohuwa ce, Barmani, a garin da ba a tambayar baƙo asalinsa sai ya kwana uku. Rannan iska ta jefo wata 'yar malam-buɗe-littafi mai launin toka, ta roƙi masauki. Barmani ta sauke ta cikin masara.

Da kwana uku suka cika ta je tambaya. Ba baƙuwa. Sai ganye duk huji, sai tsutsotsi, kowace da tsaga iri ɗaya a goshi, suna ci suna waƙa:

"Uwarmu ɗaya, daga bayan teku,
ba wanda ya san mu, ba mai cin mu."

Suka cinye gonarta. Suka yi fiffike, suka cinye ta maƙwabta. Suka bi iska, suka cinye gari bakwai. Tsaga dai ita ce, waƙa dai ita ce. Saura ɗan fegin bayan ɗakinta, inda irin baɗi yake. In ya tafi, shuka ta ƙare.

Hankalin Barmani ya tashi. Ta je wurin zabuwa, zabuwa ta ce ba ta cin abin da ba ta san asalinsa ba. Ta je wurin ƙadangare, ya gyaɗa kai kawai, kun san halinsa. Ta je wurin cinnaka, cinnaka ya ce a fara gaya masa 'ya'yan wa ne.

Sai ta ɓoye su ukun ƙarƙashin ƙwarya, ta tsaya bakin fegi. Ga tsutsotsin nan tafe, ƙasa ta yi baƙi.

Ta ce, "Ku ci, jikokina. Amma an ce ba ku da asali, shara ce ta haife ku."

Babbarsu ta fusata. "Mu? Kakar kakarmu ciki ɗaya suka fito da tsutsar dawarku ta nan!"

Zabuwa ta ce, "Ashe abincin gida ne." Aka buɗe ƙwarya. Tsinta, lashe, cizo, har la'asar. Iri ya tsira.

Amma ɗaya ta riga ta yi fiffike. Ta hau iska, ba wanda ya ga inda ta sauka. Gobe kowa ya leƙa cikin masarar gidansu.

Ƙurunƙus, kan ɓera ya ƙone. Abin da za ka saukar a gonarka, san asalinsa tun daga ƙofa.